Yadda ake bin sawun waɗanda suka baro gidajensu kafin a raba kayan agaji

Tambaya: Ni ne sakataren kwamitin agaji na wani masallaci a Nima, cikin birnin Accra. Duk lokacin da aka yi ambaliya ko rikici a arewa, sai mu wayi gari da baƙi a gidajen unguwa. Jama'a suna ba da gudummawa, amma ranar rabo wasu sukan karɓa sau biyu, wasu kuma ba ma jin labarinsu sai bayan kaya sun ƙare. Ga shi alƙaluman da muke ji a rediyo ba sa dacewa da juna. Yaya manyan hukumomi suke bibiyar waɗannan mutane, kuma mene ne ƙaramin kwamiti irin namu zai iya yi?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya saka wa kwamitinku da alheri. Abin da kuke fuskanta ranar rabo shi ne abin da manyan hukumomin agaji suke fama da shi, kuma tushensa abu biyu ne. Wanda masifa ta raba da gidansa ba ya zama wuri ɗaya: yau yana kwance a ajin makaranta, bayan mako biyu yana gidan ƙanin mahaifinsa a Tamale, bayan wata guda matarsa da yara suna Nima, shi kuma ya koma duba abin da ya rage na gonarsa. Sannan da yawa daga cikinsu ba sa zuwa sansani ko kaɗan, gidajen 'yan'uwa suke shigewa, inda idon hukuma ba ya kaiwa. Saboda haka ƙidayar da aka yi sau ɗaya aka rufe littafi takan tsufa cikin 'yan kwanaki. Aikin da ke gabanku shi ne bibiya, wato a rubuta, a koma, a gyara, har zuwa ranar da mutum ya sami matsuguni na dindindin.

Kafin a ƙirga mutum sai an san ko wane ne, domin doka ta bambanta su, kuma kowane rukuni da hukumar da ke da alhakinsa. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998 sun bayyana ɗan gudun hijira na cikin gida da cewa shi ne wanda yaƙi, ko tashin hankali, ko take hakki, ko wata masifa kamar ambaliya ta tilasta masa barin gidansa, amma bai ƙetare iyakar ƙasarsa ba. Ƙasashen Afirka sun ɗora a kan wannan da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012, ta kuma jaddada cewa nauyin irin waɗannan mutane yana kan gwamnatinsu. Mutanen Mepe da sauran garuruwan Tongu na yankin Volta da ruwa ya kora bayan an fara sakin ruwan madatsun Akosombo da Kpong ranar 15 ga Satumba 2023 suna cikin wannan rukuni, kuma NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta Ghana, wadda aka kafa a 1996, ita ce ke kan gaba a lamarinsu. Waɗanda suka tsero daga Burkina Faso zuwa yankin Bawku kuwa sun ƙetare iyaka, don haka Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana da takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ne suke yi musu rajista. Rikicin Gbiniyiri na watan Agusta 2025 ya haifar da duka biyun a lokaci guda, domin dubban mutane sun watsu cikin garuruwan yankin Savannah, wasu dubbai kuma sun haye zuwa ƙasar Kodebuwa.

Rukuni na uku, wanda ya fi shafar zangunanmu, shi ne na 'yan ci-rani. A takarda ana cewa ɗan ci-rani da kansa ya zaɓi tafiya, amma duk wanda ya zauna da 'yan matan nan kayaye, masu dako a kasuwannin Agbogbloshie ko Madina, ya san cewa tazarar ba ta da yawa. Yarinyar da ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso ya cinye gonar mahaifinta a gefen Farin Volta cikin Satumba, ta sauka Accra cikin Nuwamba, babu rajistar da za ta kira ta wadda ambaliya ta kora, alhali kuwa ambaliyar ce ta fito da ita. A ganina kwamiti irin naku ya rubuta dalilin tahowar mutum kamar yadda ya faɗa da bakinsa, domin ya san ofishin da zai tura shi, amma kada wannan rarrabewa ta zama sharaɗin ba shi abinci.

Game da saɓanin alƙaluma, ba kullum ba ne wani yake ƙarya. Sau da yawa abubuwa daban-daban ake ƙirgawa. Akwai adadin waɗanda abin ya shafa, wanda ya haɗa har da wanda ruwa ya ci gonarsa amma yana kwana a ɗakinsa, akwai kuma adadin waɗanda suka bar gida, wanda a ko da yaushe ya fi na farko ƙanƙanta. Akwai kuma bambanci tsakanin yawan mutane da yawan tashi. Iyalin da suka gudu zuwa makaranta, ruwa ya biyo su suka sake tashi zuwa wani gari, mutanen ba su ƙaru ba, amma an yi tashi biyu. Cibiyar IDMC mai sa ido kan gudun hijira na cikin gida, da ke Janiba, wadda take tattara waɗannan alƙaluma a duniya tun 1998, tana fitar da su a rarrabe: ta ce a cikin shekarar 2023 an yi tashi miliyan 46.9, kuma a ƙarshen shekarar mutum miliyan 75.9 ne suke zaune ba a gidajensu ba a cikin ƙasashensu. Abin lura a nan shi ne, masifu irin su ambaliya da guguwa ne suka fi yawa a lissafin tashi, da miliyan 26.4, amma a lissafin waɗanda suka rage a waje miliyan 68.3 rikici ne ya kore su. Ruwa yakan janye mutane su koma, rikici kuwa yakan riƙe mutum shekaru. Wannan ya kamata ya shiga tsarinku, domin baƙon ambaliya da baƙon rikicin ƙasa ko na sarauta ba irin taimako ɗaya suke bukata ba, kuma ba tsawon lokaci ɗaya ba. Duk adadin da kuka ji, ku tambayi ranar da aka ɗauke shi da abin da aka ƙirga.

Tsarin da ya fi shahara wajen wannan aiki shi ne DTM, tsarin bin sawun waɗanda suka bar gidajensu na Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, wanda aka fara a Iraƙi a 2004, aka kuma kawo shi arewa maso gabashin Najeriya a 2014 tare da NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar. Hanyoyinsa huɗu ne, kuma babu wadda ta gagari fahimta. A ta farko ana zagaya gari-gari da unguwa-unguwa ana tambayar waɗanda suka san wurin, kamar mai unguwa da limami da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, baƙi nawa suka iso, daga ina, kuma me suka rasa. Ana kwatanta amsoshinsu, sannan a dawo bayan 'yan makonni a sake. A ta biyu ana tsayar da ma'aikata a tashoshin mota da mashigai suna lura da masu shiga da masu fita, domin a gane inda jama'a suka dosa tun kafin su isa. Ta uku ita ce rajistar gida-gida da suna, wani lokaci har da hoton yatsa, wadda ake yi idan za a raba abinci ko kuɗi. Ta huɗu ita ce zaɓar wasu gidaje a yi musu tambayoyi masu zurfi, musamman ko suna da niyyar komawa. Ta farkon tana da sauri da arha amma kimantawa ce, rajista kuma ta fi daidai amma tana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ake haɗa su.

An kuma shigo da na'urori. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna iyakar inda ruwa ya mamaye da yawan rufin da ke ciki. Layukan waya ma suna nuna motsin jama'a, domin kowane kira yana bi ta turken sadarwa mafi kusa: bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, da wannan hanya aka kimanta cewa mutum kimanin 630,000 sun fice daga babban birnin cikin kwana 19. A nan gida, lokacin kullen korona da aka sanya wa Accra da Kumasi daga 30 ga Maris 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi aiki da kamfanin Vodafone da ƙungiyar Flowminder wajen auna zirga-zirga ta bayanan da aka cire musu sunaye. Amfanin wannan a bayyane yake, amma iyakarsa ma a bayyane take. Waya ba ta nuna jariri, ba ta nuna tsohuwar da ba ta da layi, ba ta nuna 'yan mata biyar da suke amfani da waya ɗaya, kuma ba ta faɗin ko mutum ya ci abinci. A makon da aka sanar da kullen ne aka tare motocin kaya a Ejisu ɗauke da mata kayaye da 'ya'yansu suna ƙoƙarin komawa Walewale, kuma ire-irensu ne taswirar waya take saurin tsallakewa. A wannan fage zuwa da kai ya fi aike.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ƙarfinku yake. A arewa maso gabashin Najeriya, inda fiye da mutum miliyan biyu suka rasa muhalli, rahotannin DTM sun daɗe suna nuna cewa waɗanda suke zaune cikin jama'a sun fi waɗanda suke sansani yawa. Accra ma ta san wannan tun tuni. Rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, wanda ya lalata ƙauyuka fiye da 400, ya turo jama'a da dama zuwa unguwar Old Fadama da ke Accra, kuma shekaru suka shuɗe ba wanda ya san yawan mazauna wurin. Sai mazaunan suka shiga ƙirga kansu da kansu, kuma a ƙidayar 2009, da taimakon ƙungiyar People's Dialogue, lokacin da ake barazanar tashinsu, aka sami mutum 79,684, mafi yawansu daga arewa. 'Yan unguwa ne suka shiga lungu-lungu da takarda, saboda su ne ake buɗe wa ƙofa.

Ku ɗauki gida ɗaya irin na Nima, mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Wata Hajiya mai sayar da waake tana da ɗaki guda ita da 'ya'yanta uku, sai ga matar ƙaninta ta iso da yara biyar. Daga waje babu abin da ya canja, babu tanti, babu layi, kuma idan ma'aikaci ya leƙo da rana zai tarar da ɗakin a rufe. Amma olonka ɗaya, wato gwangwanin awo, ta shinkafa da take kai su kwana biyu yanzu ba ta wuce yini, kuɗin shiga ban-ɗakin haya ya ninka, manyan yaran kuma sun koma kwana a baranda ba gidan sauro. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suka amince da shi ya ce mutum yana bukatar aƙalla lita 15 na ruwa a yini, ke nan baƙi shida sun ƙara mata lita 90, kimanin jarka huɗu da za ta saya kullum daga jarin sana'arta. Matar nan ba za ta zo masallaci ta ce a rubuta ta ba, domin a wurinta ɗaukar nauyin dangi ba abin kai ƙara ba ne. Idan littafinku ya rubuta baƙin ya bar mai masaukin, ya bar rabin matsalar, kuma idan aka ba baƙuwa buhu aka wuce wadda ta ciyar da ita wata guda, an shuka ɓacin rai a cikin ɗaki ɗaya.

Saboda haka shawarata ita ce ku ɗauki gidan da aka sauka a matsayin tushen lissafi. Ku raba unguwa kashi-kashi, kowane kashi a ba mutum biyu, namiji da mace, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba, kamar juna biyu ko rashin tufafin canjawa. A je da yamma bayan Magariba ko da sassafe, lokacin da masu fita nema suke gida. Tambayoyin kada su yi yawa: sunan shugaban iyalin da lambar wayar da za a same shi, garin da suka fito, ranar isowa, dalilin tahowa, yawan maza da mata, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki da masu shayarwa, tsofaffi, masu nakasa ko ciwon da ke bukatar magani kullum, yaran da karatunsu ya tsaya, sai kuma yawan mutanen gidan kafin baƙi su zo. Wannan rarrabewa ita ce take mayar da adadi ya zama shawara. Jimlar mutum ɗari biyu ba ta gaya muku abin da za ku saya, amma idan kun san akwai masu ciki goma sha biyu da ba su da katin inshorar lafiya, kun san cewa sabunta katin ya fi ƙarin buhun shinkafa gaggawa.

Maganin karɓa sau biyu kuma yana cikin lamba. Sunayenmu suna maimaituwa, Fuseini da Alhassan da Amina sun cika kowane layi, kuma mutum ɗaya ana iya rubuta sunansa iri uku a littattafai uku. Ku ba kowane iyali lamba da ɗan kati, a haɗa lambar da gidan da suka sauka, sannan ku zauna da kwamitocin masallatan da ke maƙwabtaka da ku, har na Maamobi, ku daidaita littattafanku kafin ranar rabo. Ku kuma nemi bakin sarakunan ƙabilu na zango, da magajiyoyi, da shugabannin tashoshin da motocin arewa suke sauka, domin baƙo yakan fara neman ɗan garinsu, kuma su ne suke fara jin an iso. Abin da wani ya faɗa muku a tabbatar da shi daga wani bakin. Bayan kowane mako biyu a koma, a soke waɗanda suka tafi, a rubuta inda suka nufa, a ƙara sababbi. Kuma ranar rubutu ta zama daban da ranar rabo, domin idan aka ga buhuna a bayan mai rubutu, iyalin mutum biyar yakan zama na goma sha biyu.

Akwai wani abu da ba na so ku ɗauke shi da sauƙi, wato tsoron da mutanenmu suke yi wa rajista. Tsoron yana da asali. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma zanguna ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa; har yau akwai dattawan da suke tuna gidajen da aka bari a buɗe. Wanda ya tsero daga rikicin sarauta ko na ƙasa kuma yana da dalilin da zai ƙi a san inda yake kwana. Littafin da ya lissafa sunaye da garuruwa da gidaje yana iya zama makami idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Don haka kada ku tambayi abin da ba ku da bukatarsa: ban ga dalilin da kwamitin masallaci zai tambayi ƙabilar mutum ko ya nemi Katin Ghana kafin ya ba shi tabarma ba. A gaya wa kowa abin da za a yi da bayanansa, a nemi yardarsa, kuma wanda ya ƙi a rubuta sunansa a ba shi lamba kawai. Dokar kare bayanai ta 2012 ma abin da ta nema ke nan. Littafin ya zauna a hannun mutum biyu amintattu, kada a ɗauki hotonsa a watsa a zauren WhatsApp, kuma abin da za a miƙa wa masu ba da gudummawa jimla ce ba sunaye ba. Haka nan ɗaukar hoton mace tana karɓar buhu domin a nuna wa duniya, ina ganin cin mutunci ne da bai kamata a yi shi da sunan masallaci ba. Idan wani ya ce rubuta mabukata baƙon abu ne a wurinmu, a tuna masa cewa Sayyidina Umar ne ya kafa diwanin da ake rubuta sunayen masu karɓar rabo daga baitulmali.

Jarrabawar da take zuwa daga baya ita ce ta ƙara adadi domin a jawo taimako. Ana yin ta da kyakkyawar niyya, amma illarta tana daɗewa, domin ranar da aka zo tantancewa aka tarar da rabin abin da kuka faɗa, ba za a sake gaskata ku ba ko da ranar da bukatar ta fi tsanani. Adadi ƙarami mai kwanan wata da bayanin yadda aka samo shi ya fi amfani a gaban jami'i. Ku kai jimlar taku ofishin NADMO na gundumar Ayawaso ta Gabas tun ba a shiga wani hali ba, ku san jami'in da fuska, domin alƙaluman ƙasa daga rahotannin gundumomi ake haɗa su, kuma wanda bai shiga na gunduma ba bai shiga ko'ina ba.

Sannan ku san lokacin da ake cire suna. Komawa gida kaɗai ba ta isa hujja ba. Tsarin da hukumomin agaji suka amince da shi a 2010 ya ce gudun hijira yana ƙarewa ne idan mutum ya koma garinsu, ko ya zauna inda ya sauka, ko ya tare a wani wuri, kuma ba ya da sauran wata bukata da tashin ya jawo masa. Wanda ya koma ya tarar da ɗakinsa a rushe yakan sake dawowa, don haka ku kira lambarsa bayan wata guda kafin ku rufe shafinsa. Wanda kuma ya kama haya a Nima, ya sami sana'a, ya sa yara a makaranta, ya zama ɗan unguwa, sai a mayar da shi cikin lissafin zakka da sadakar da kuka saba idan yana da bukata.

Game da lokaci, ruwan Accra yana tsananta ne a Mayu da Yuni, kamar yadda ambaliyar daren 3 ga Yuni 2015 ta nuna a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, kuma a irin wannan lokaci 'yan unguwar da ke bakin babbar kwata su ne za su cika littafin. Sakin ruwan Bagre yawanci yana zuwa ne a Agusta ko Satumba, baƙinsa kuma sukan biyo baya idan girbi ya gaza. Saboda haka a raba unguwa, a zaɓi masu zagaye, a buga katunan, a kuma rubuta yawan mutanen kowane gida tun cikin Maris ko Afrilu, domin ranar da baƙi suka iso a sami abin da za a auna ƙarin da shi.